Wushiryar da Na Rufe

Aikina gyaran jerin haƙora ne. Ba na cike rami, ba na kankare dattin goro, ba na cire haƙori sai dole ta kama. Haƙoran da suka hau kan juna, ko suka leƙo waje, ko suka juya wa 'yan'uwansu baya, su nake ɗaura wa waya in bi su a hankali, wata da watanni, har su shiga sahu. Na yi wa mutanen Dilimi, unguwarmu a Jos, wannan bayani ya fi a ƙirga, amma har gobe in na je gidan suna sai wata ta ja ni bayan ɗaki ta wangale mini baki, ta nuna mini mataunin da ya hana ta sakat. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ita kam ta daɗe da yanke hukunci. Ta ce ni bakanikiya ce kamar sauran 'yan unguwa, sai dai garejina ya fi nasu tsabta.

Ban taɓa musa mata ba, don sana'ar ta shiga jinina fiye da kima. Haƙoran mutum nake fara gani kafin fuskarsa. Zan tsaya a Tina Junction sayen tumatir, mai tumatir tana ta yabon kayanta, ni kuwa hankalina yana kan yadda muƙamuƙinta na ƙasa ya riga na sama fitowa. A wurin biki kowa na kallon leshin amarya, ni ina tunanin wata nawa zan ɗauka in juyo da haƙorin ango na hagu. Har malamin da ke wa'azi a talabijin bai tsira ba, Allah ya yafe mini. A jakata akwai wani ɗan ma'auni na ƙarfe da nake yawo da shi kamar yadda wasu mata ke yawo da kwalli.

Abin da ya ja ni ga aikin tun farko shi ne mamaki. Haƙori yana dashe a cikin ƙashi, amma in ka matsa masa kaɗan, kullum kullum, sai ƙashin ya ba shi hanya ya yi tafiya. In ka yi masa ƙarfi kuwa sai ya ƙi, ko ya mutu a tsaye. Duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri da mutane, a layin mai ko a gidan biki, amma da haƙori zan iya jiran shekara biyu ban ɗaga murya ba.

Da wannan idon nawa na tafka kuskuren da ya fi kowanne ƙona mini rai, kuma a cikin gidanmu na tafka shi. Na rufe wushiryar ɗiyar yayana, alhali ita kaɗai ce ta rage masa daga fuskar matarsa.

Yaya direban bas ne, Jos zuwa Bukuru, Bukuru zuwa Jos, tun ina firamare. Ya ba ni shekara goma, kuma shi ya riƙa ɗaukar akwatina zuwa kowace makaranta da na shiga. Matarsa ta rasu yarinyar tana da shekara huɗu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Mace ce mai yawan dariya, mai wushirya a tsakiyar haƙoranta na sama, irin wadda in ta yi maka murmushi sai ka ji kamar an yi maka kyauta. Hotunanta biyu ne kawai a gidan, kuma a dukansu bakinta a tsuke yake, don a lokacin in an shiga ɗakin mai hoto sai a sha mur kamar an je kotu. Yarinyar kuwa duk mu ta kwaso: goshinmu, baƙinmu, gajeren wuyanmu, ba ta bar komai ba. Sai in ta yi dariya ne uwar take leƙowa.

A ɗakin Inna suke cin abinci su uku, kuma kullum Yaya sai ya zo da shirme. Ya kwaikwayi fasinjan da ya yi barci har aka wuce da shi, ya farka yana zagin direba. Ya kwaikwayi tsohon da ke koya masa tuƙi daga kujerar baya. Yarinyar ta yi ta ƙyaƙyatawa har tuwo ya sarƙe ta. Ni na ɗauka dai Allah ne ya yi shi da barkwanci.

Kada a ce ban san darajar wushirya ba. A Dilimi aka haife ni. Ina ƙarama na sha cusa tsinken tsintsiya tsakanin haƙorana ko Allah zai sa su buɗe, har Inna ta kama ni ta zane ni. Amma da na tafi kudu karatun ƙwarewa, sai aka zaunar da ni aka nuna mini cewa wannan 'yar ƙofa tana da dogon suna na Turanci, tana cikin jerin lahani, ana auna ta da milimita, ana kuma rufe ta. Na haddace, na ci jarrabawa, na dawo Jos kaina ya yi girma. 'Yan mata su zo asibitin da nake aiki, cikin kunya, su ce ko ana iya buɗe musu 'yar wushirya kafin biki. Sai in zare tabarau in yi musu huɗubar rabin awa. Nas ɗin da ke taimaka mini, wata dattijuwar Bayarabiya haifaffiyar Jos da kowa ke kira Sista, ita ke raka su bakin ƙofa tana ba su haƙuri.

Yarinyar tana da shekara goma sha huɗu fiƙarta ta dama ta fito can sama a dasashi, ta bar 'yan'uwanta a ƙasa. 'Yan ajinsu suka ce haƙorinta ya hau bene. Ta fara rufe baki da gefen hijabi in za ta yi dariya, abin da Yaya ba zai iya jurewa ba. Ran nan ya ajiye bas ya kawo mini ita.

"Likita, ga 'yarki," ya ce. "Wannan fiƙar ta yi fakin a inda ba a fakin. Ki sauko mana da ita."

"Sai ka bar mini ita shekara ɗaya da rabi, Yaya."

"Shekara ɗaya da rabi? Ni injin mota sukutum kwana uku nake ba bakanike."

"Injin ba ya kuka in an ɗaure shi."

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Na ɗauki hoton ƙashi, na ɗauki samfurin bakinta na zuba shi da farar filasta kamar yadda nake wa kowa. Ashe haƙorin yarinta ne ya ƙi famfara, ya tare wa fiƙar hanya. A cire shi, a ɗaura waya, a janyo fiƙar ƙasa, shi ke nan. Wurin ya isa, har da saura. Ina faɗin wannan ne don kada wani abokin sana'a ya tashi kare ni ya ce ai wuri nake nema. Ban buƙaci wushiryar ba ko kaɗan. Na ɗora ma'aunina a kanta, na ga milimita biyu da rabi, na rubuta a takarda cewa a rufe, kamar yadda mutum zai zo wucewa ya ga ƙofar kabad a buɗe ya tura ta da gwiwa.

Sista ta leƙa takardar, ta kalle ni ta saman tabaraunta.

"Dokita, wannan wushirya kai zai rufe shi?"

"Zan rufe, Sista."

"Ka tambaya baban shi?"

"Direba zan tambaya yadda zan yi aikina? Shi yana tambayata kafin ya canja giya?"

"Mutane suna zuwa nan suna roƙon ka ka buɗe musu. Wannan Allah ya ba shi kyauta."

Na ce ta haɗo mini kayan aiki. Ita yarinyar ma ban tambaye ta ba, tana kwance a kujera bakinta cike da auduga.

Duk wata take zuwa in ƙara ɗaure waya. Ita ke zaɓar launin 'yan robobin da ake sawa, wannan watan shuɗi, wancan ruwan hoda, da Sallah kuma kalar atamfarta. Na hana ta rake, na hana ta gasasshiyar masara, na hana ta tauna ƙashi da alewa mai danƙo. Sau biyu tana zuwa da ƙarfe a ɓalle tana rantsuwa da kansa ya faɗi, ga ɓawon masara maƙale a waya yana ba da shaida. Fiƙar ta riƙa saukowa sannu a hankali, haƙoran gaba biyu kuma suna matsowa kusa da juna a bayan ƙarafa. Ba wanda ya lura. Bakin da ke cike da waya ba a ganin komai a cikinsa sai wayar, ita kuma dama ta rage buɗe shi.

Ranar cire waya ana ruwa irin na Jos, mai zuwa da sanyin da ke shiga ƙashi. Yaya ya shigo da jiƙaƙƙiyar jaket ya tsaya daga bakin ƙofa. Na ɓalle ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, na goge haƙoran, na miƙa mata madubi. Wallahi aiki ya yi kyau. Sahu ɗaya, ba tudu ba kwari, ko zare sai da ƙyar zai wuce tsakani. Yarinyar ta kalli madubi ta kasa rufe baki, ta juya wajen ubanta da murmushi har kunne.

Yaya ya daɗe yana kallonta. Ina jira ya yi tsokanar da ya saba, irin su ai yanzu sai a sa ta a kalanda. Sai ya ce, "Sannu da aiki, Likita. Allah ya saka da alheri." Ya ce ya bar fasinja a tasha, ya fita cikin ruwan. Tunda nake da shi bai taɓa yi mini godiya irin ta baƙi ba, amma daɗin aikina ya hana ni tsayawa in yi tunani.

Na juya kan yarinyar da huɗubar da aka fi sanina da ita. Bayan an cire waya akwai wata roba garai-garai da ake ƙerawa daidai bakin mutum, ritena muke ce mata, ita ke riƙe haƙora kada su koma gidan jiya. A kan ritena na yi faɗa da lauyoyi, na yi faɗa da matar wani babban ɗan kasuwa, na sa wani fasto ya tsaya yana ba ni haƙuri kamar ɗan firamare. Akwai waɗanda in sun hango ni a kasuwa sai su sauya layi, don sun san zan ce su buɗe baki. Na gaya wa ɗiyata cewa in ta yi wasa da tata, babu ni babu ita.

Bayan mako biyu Inna ta aiko a kira ni. Na same ta tana tsince shinkafa a tire, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shekara nawa kika yi a makaranta, in an haɗa duka?"

Na fara ƙirgawa da yatsu. Ta katse ni.

"Duk don ki koyo toshe wushirya?"

"Inna, ai a wurinmu lahani ce."

"Lahani a gidan uban wa? Yayanki ya daina cin abinci a nan, a tasha yake ci. In ma ya zauna, kansa na cikin kwano har ya tashi. Ke kina tsammanin duk shirmen nan da yake yi shekara da shekaru don Allah ya yi shi ɗan kama ne? Uwarta yake nema, 'yar nan. In yarinyar ta yi dariya sai ya gan ta."

Da yake ni ce, sai da na fara kare kaina. Na ce ai ba wanda ya gaya mini.

"Sai an gaya miki? Ba ke kika zauna kusa da ita kwana bakwai tana amarya ba?"

Fuskar matar ta dawo mini tsaf, tana shanya a tsakar gida tana yi wa Yaya dariya don ya sa riga a baibai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin kaina. Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta bar ni a tsaye.

Dabarar da ta fara zo mini dabarar likita ce, wato ta banza. Na shiga ɗakin ajiya na lalubo samfurin filastar da na zuba kafin a fara aiki, na naɗe shi a hankici, na tafi har tashar Bukuru. Na samu Yaya yana jiran layi ya zo kansa. Na buɗe gaba na zauna, na miƙa masa.

"Wannan fa?"

"Bakinta ne kafin in taɓa shi. Ga wushiryar nan yadda take. Yaya, ka yafe mini, ban yi tunani ba."

Ya juya abin a hannunsa, ya sa farcen babban yatsa a 'yar ƙofar, ya daɗe a haka. Sannan ya naɗe ya maido mini.

"Na gode, auta. Amma wannan ai ba ya dariya. Kuma in na ajiye shi a mota fasinja za su ce tsafi nake."

Na yi dariya hawaye na zuba. Ya ce in share fuskata kada 'yan tasha su ce dukana ya yi. Da zan fita ya ce, "Kada ki gaya mata. Tana murna da abinta. Haƙoranta ne, ba nawa ba. Zan saba."

Bai saba ba. Da yarinyar ta zo dubawa bayan wata guda, na tarar a duk masu zuwa wurina ba wanda ya kai ta biyayya. Ritena tsaf, haƙora ko motsi. Ina cikin yaba mata sai ta ce, "Gwaggo, Baba fushi yake da ni?"

"Me kika gani?"

"Ya daina kallona. In ina yi masa magana sai ya kalli bango, ko takalminsa. Ko yana ganin na fara yanga ne saboda haƙoran?"

Alkawarin da na yi wa Yaya a tasha na riƙe sirrin bai ƙara minti ɗaya a bakina ba. Na jawo kujera na zauna na gaya mata komai, har da nawa laifin, ban rage ba. Ta san ana cewa uwarta na da wushirya, amma ba ta taɓa sanin abin da uban ke gani a bakinta ba. Ta riƙa juya ɗan akwatin ritenar a cinyarta.

"Za a iya maido ta?"

"Za a iya. In maida miki waya, in sa ɗan sifirin, wani naɗaɗɗen ƙarfe, a tsakani ya tura su. Mako shida, ko takwas."

"In ba a sa komai ba fa?"

Sai na yi mata bayanin abin da duk mai sana'ata ya sani kuma yake tsoro. Wushirya ta fi komai taurin kai a aikinmu. Akwai wata 'yar tsoka da ke saukowa daga cikin leɓen sama ta ratsa tsakanin haƙoran biyu, ga harshe kuma yana turi daga baya. In aka sake su, sau da yawa sukan buɗe da kansu. Na jaddada mata cewa sau da yawa na ce, ban ce kullum ba.

"To a sake su," ta ce. "In ta dawo da kanta, ta Umma ce. In kin buɗe da waya, taki ce."

Yarinyar da ba ta cika shekara goma sha shida ba ita ta faɗa mini wannan, ni da takardun shaidata uku a bango. Na tuna mata cewa tana son haƙoran nan yadda suke, don na ga irin hotunan da ta cika wayar Inna da su. Tunda ban tambaye ta da farko ba, wannan karon sai da na tambaya sau biyu.

"Ina son su, Gwaggo, sosai ma. Amma na fi so Baba ya kalle ni."

Sharaɗinta ɗaya ne, kada ya sani, don in abin bai yiwu ba kada a sa masa rai a banza. Na ɗauki almakashi na yanke gaban ritenar, na bar gefe da gefe su riƙe fiƙar da sauran, haƙoran gaba biyu kuwa na sake su su yi abin da suka ga dama. Sista tana tsaye tana kallona, kafaɗunta na rawa don dariya.

"Oga Dokita yana ɓata aikin shi da hannun shi. Yau na ga abu."

"Sista, don Allah ki nemi abin yi."

Wata na farko, shiru. Wata na biyu, shiru. Muna da wasu siraran ƙarafa marasa kaifi da muke zurawa tsakanin haƙora mu san faɗin wuri, mafi sirantarsu ma ya ƙi shiga. Shekara da shekaru ina fama da mutanen da haƙoransu ke watsewa cikin mako uku da sun yi sakaci, sai ga shi aikin da nake so ya lalace shi ne ya tsaya ƙyam. Ban taɓa yin aiki mai ƙarko irinsa ba. Har ta kai in na idar da salla sai in ɗaga hannu in ce, ya Allah, ka san abin da nake nufi, don kunyar faɗinsa nake da baki.

Sista ta kawo shawara cewa akwai wani tsoho a bayan kasuwa da ke sassaƙa wa 'yan mata wushirya da ɗan ƙarfe da guduma, minti goma an gama. Abin da na faɗa mata ranar, sai da na sayo mata lemo washegari. Yarinyar kuma ta tambaye ni ko in tana tura haƙoran da harshe zai taimaka. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina hana yara wannan ɗabi'a, na kalli silin na ce ban ji tambayar ba.

A watannin nan ne na koyi wata tambaya da ba ta cikin littafinmu. Duk wanda ya hau kujerata, bayan na ji abin da yake so a gyara, sai in ce, "To me kake so a bar maka?" Wasu su kalle ni kamar na zare. Amma wata malamar makaranta ta nuna mini wani karkataccen haƙori a ƙasa ta ce irin na babanta ne, ta yi ta tunanin yadda za ta roƙe ni in ƙyale shi ba tare da na yi mata faɗa ba.

A gida kuwa abin yana nan. Yaya yana gaishe ni da ladabi, yana tambayata ya aiki, kuma wannan ladabin ya fi mini zagi ciwo. Yarinyar ta koma rufe baki da hijabi, wannan karon don ɓoye sirri. Na fara tsoron cewa na raba uba da 'yarsa a kan milimita biyu da rabi, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

A wata na huɗu ƙarfen ya shiga. Na zare na sake zurawa don in tabbata, na kira Sista ita ma ta gwada. Muka rungume juna ni da ita a tsakiyar ɗaki, mai jiran layi a waje yana leƙe yana tsammanin an yi haihuwa. A wata na shida, milimita ɗaya. A na tara, ɗaya da rabi, daga nan ta tsaya cak ta ƙi gaba. Na auna, na sake aunawa, na canja ma'auni. Saura milimita guda cur, kuma ban san ko abin da aka samu zai isa mutum ya gani daga ɗaya gefen tabarma ba. Na ce ko mu sa sifirin ɗin ya ƙarasa, ta girgiza kai. Amma ita ma tsoro ya hana ta nuna masa, kullum sai ta ce sai wani makon.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gida. Inna ta yi gwaten acca, ta kuma tsare Yaya ta ce yau ba zai ci a tasha ba ko da motar za ta ruɓe. Muka zauna mu huɗu. Kowa ya san acca da yashi, sai an wanke an sake wankewa, ga idon Inna ya fara rauni amma ba ta yarda a faɗa. A cokali na uku na gamu da tsakuwa. Ƙarar sai da kowa ya ji. Na dafe kunci, na tofo a tafin hannu, sai ga tsakuwar, ga kuma ɗan ɓallin mataunina a kusa da ita.

Inna ta leƙa tafin hannuna, ta ce hankalinta kwance, "Ayya. Ko a cikinku akwai wanda ya san wani likitan haƙori mai hankali a garin nan?"

Yarinyar ta yi ƙoƙari, na ga ta yi. Ta cije leɓe, ta kai hannu za ta jawo hijabi, ashe ta cire shi ta rataye a ƙofa. Dariyar ta ƙwace mata gaba ɗaya, kai a baya, baki a buɗe, har tana buga cinya.

Cokalin Yaya ya tsaya a hanya. Na manta da nawa haƙorin, ina kallonsa yana kallonta. Bai ƙifta ba har ta lura, ta yi tsit. Na ga hannunta ya tashi zai rufe bakin, sai ta maido shi cinyarta ta bar leɓunanta a buɗe, tana jira.

"Likita," ya ce, bai juyo ba. "Aikin nan naki ya lalace."

"Ya lalace, Yaya."

"Za ta sake rufewa?"

"Ba za ta rufe ba, sai in wani ya rufe ta."

"Wa zai rufe in ba ke ba? Ki rantse."

Inna ta ce wace irin magana ce wannan a kan abinci. Shi kuwa ya juyo ya tsare ni da ido, hawaye na bin gemunsa bai share ba, kuma na ga da gaske yake. Na ajiye cokali. Da tsakuwa da guntun haƙorina a hannu ɗaya, na ɗaga ɗayan na rantse masa da Allah.